Alli a Hannun Yaya

Ranar da aka sa wa motar sababbin tayoyin gaba, Yaya bai tsaya a kan aikin ba, kuma duk wanda ya san shi ya san wannan ba halinsa ba ne. Mutum ne da ko noti za a ɗaura wa motarsa sai ya tsuguna ya ga yadda aka ɗaura shi. Amma ran nan sai ya ce kansa ke ciwo, ya zagaya bayan gareji ya zauna a kan wata tsohuwar kujerar mota da aka cire aka yar, ya bar Mai Faci da aikinsa. Ba wani ciwon kai. Mai Faci ne yake da wata ɗabi'a: in ya kwance ɗan mitsitsin ƙarfen nan na cikin bakin iskar taya, sai ya miƙa wa duk wanda ke kusa ya ce a riƙe masa kada ya ɓace. Shi kuwa Yaya ba ya son a ɗora masa ƙaramin abu a tafin hannu a gaban mutane, domin tun bara hannunsa na dama ya fara rawa.

Kowa a garejin Yaya yake ce masa, har waɗanda suka girme shi, domin da wannan sunan mai motocin yake kiransa. Mai motocin ƙanensa ne, autan ɗakinsu, wanda Yaya ya goya a baya, ya yi wa tsawa, ya ɗora a kan sitiyari tun ƙafarsa ba ta kaiwa birki sai da matashi. Yanzu Auta ya ajiye tumbi, yana da ofis mai fanka da labule, ma'aikata suna ce masa Oga. Yaya kuma yana tuƙa ɗaya daga cikin motocin, wata tsohuwar gingimari mai ɗaukar siminti. Bai taɓa jin haushin wannan rabon ba. Shi dai a bar shi da makullinsa. In ya dawo daga tafiya ya shiga gida, matarsa kan miƙo hannu ta karɓi makullin ta rataye a ƙusar bayan ƙofa kafin ma ta kawo masa ruwa, kuma haka suka tsufa.

Rawar hannun tana da mugun wayo. In ya damƙi abu mai nauyi, sufana ko sitiyari, sai ta ɓuya kamar ba ta taɓa zuwa ba. Ƙananan abubuwa take jira: cokali, maɓallin riga, bakin kofi. Ya koyi shan shayi da hannu biyu kamar mai jin sanyi. Ya daina aske gemunsa da kansa, ya ce reza ce ta yanzu ba ta da kirki. Matarsa ta fara ɓalla masa maɓallin wuya da safe, tana yi tana maganar wani abu daban, shi ma yana amsa mata a kan wani abu daban.

Washegari aka yi masa lodi ya kama hanya. A cikin gari motar tafiya take luf, sababbin tayoyi suna ta ƙamshin roba. Sai da ya hau babban titi ya ba ta wuta, allurar maleji ta wuce saba'in ta doshi tamanin, sannan sitiyarin ya fara kaɗawa. Da farko kaɗan ne, kamar waya na ruri a aljihu. Kafin ya yi nisa abin ya zama rawa sosai, madubin gefe ya dagule har ba ya iya bambance mota da bishiya, ɗan kwanon da yake ajiye goro a ciki yana ta kacau-kacau. Abin da ya fara zuwa ransa ba taya ba ce. Cewa ya yi a ransa shi ke nan, ciwon ya iso sitiyari. Ya yi tafiya mai nisa da wannan tsoron, yana kallon yatsunsa suna tsalle a kan baƙar robar.

Wata tirela ta tare masa gaba, ya sassauta ƙafa, allura ta sauko, rawar ta ɗauke ɗif. Ya wuce tirelar ya sake ba motarsa wuta, rawar ta dawo. Nan hankalinsa ya fara komowa jikinsa, domin ciwon hannu ba ya duba maleji. Sai ya shiga bin abin a hankali yadda ya saba. A wata gangara ya cire giya ya sa motar firi, ƙarar inji ta kwanta, amma sitiyarin bai fasa ba, ke nan ba inji ba ne. Ya saurari kujerar da yake kai, bai ji komai a ƙugunsa ba, ke nan ba daga baya take tasowa ba. Ya ɗan taɓa birki, ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Duk da haka zuciyarsa ba ta yarda ba, don mutumin da yake zargin kansa ba ya gamsuwa da shaidar jikinsa. Ya tsaya a gefen titi, ya yanke wata gorar roba rabi, ya zuba ruwa, ya maƙale ta a gaban mota tsakanin gilas da akwatin takardu. A sittin ruwan kwance yake. A tamanin ya fara tsalle yana fantsama a gilas, kuma hannun Yaya bai ko kusanci gorar ba. Ya yi dariya shi kaɗai a cikin motar. Tunda yake bai taɓa murna da lalacewar mota ba sai ran nan.

Da wannan murnar ya shiga ofishin Auta bayan ya dawo. Ya zayyana masa komai, daga ina rawar take farawa, a ina take ɗaukewa, ya ce tayoyin gaba ne, ɗaya ko duka biyun. Auta yana sauraro yana gyaɗa kai, amma ba fuskar Yaya yake kallo ba. Hannunsa yake kallo, wanda ke riƙe da hular da ya cire. Yaya ya lura, ya mayar da hular kai, ya sa hannun a aljihu.

Aka kira bakaniken garejin, wanda kowa ke ce wa Injiniya don a faranta masa. Injiniya ya shiga ƙarƙashin mota ya girgiza wancan ya ƙwanƙwasa wannan, ya fito ya ce komai a ɗaure yake. Sannan ya hau ya ce bari ya gwada ta. Ya je shataletalen kasuwa ya zagayo, cikin cunkoson masu babur da 'yan tura baro, inda ko jirgin sama aka ba mutum ba zai wuce arba'in ba, ya dawo ya diro yana goge hannu ya ce lafiyarta lau, ko jariri za a iya kwantarwa a kan sitiyarin. Mai Faci kuwa rantsuwa ya shiga yi tun ba a tuhume shi ba. Ya ce tayoyi sababbi fil, gashin jikinsu ma bai kaɗe ba, ya ce shekarunsa nawa yana wannan aiki ba a taɓa dawo masa da taya ba, abin da kowa a wurin ya san ƙarya ce. Yaya ya ce a hau babban titi a gani. Injiniya ya ce yana da inji a buɗe yana jiransa. Auta ya duba agogo ya ce yana da baƙi.

Da aka watse, Auta ya ja ƙofar ofis ya rufe, ya bar kujerarsa ta oga ya dawo bencin da Yaya yake. Wannan ladabin ya fi komai tayar wa Yaya hankali.

"Yaya, na ga kofinka ranar da na zo gida gaishe ku," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Rabin shayin a kan tabarma ya ƙare. Ban ce komai ba."

"Zafi ne da shi."

"Ba motar nake tsoro ba, Yaya. Kai nake ji wa tsoro, da waɗanda za ka haɗu da su a hanya."

Daga nan ya shiga lallashi. Ya ce akwai inuwa a bakin ƙofar gareji, za a sa kujera mai kyau, Yaya ya zauna ya riƙa sa ido a kan direbobi, wa ya fita wa ya shigo, ba abin da zai ragu a abin da yake samu. Ya ce mutum ya yi wa titi bauta haka ai ya isa. Yaya ya san kujerar nan. Wani tsohon direba ya taɓa zama a kanta, yana gyangyaɗi ƙudaje na bin bakinsa, samari suna gaishe shi da ƙarfi kamar kurma, har ranar da aka daina ganinsa. Ya ce wa Auta motar ce ke rawa ba shi ba, kuma zai nuna masa a gaban kowa. In aka duba aka ga ba ta da laifi, da hannunsa zai ajiye makullin a kan teburin nan. Auta ya ce to, ya je ya kai lodin gobe ya dawo, sai a duba. Tsoron da yake wa mutanen hanya bai kai ya hana lodin gobe tafiya ba.

A garejin nan akwai yadda ake gane tayar da ba ta zagaya daidai, kuma Yaya ne ya kawo shi, daga wurin maigidan da ya koya masa tuƙi. A ɗaga ƙafar mota da jak, mutum ɗaya ya juya tayar, direba kuma ya tsuguna ya kafa gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa, ya matso da alli a hankali har ya kusa shafar robar. In tayar daidai take, allin zai taɓa ta ko'ina. In tana da tudu, nan kawai zai shafa ya bar sauran. Aikin duk na tsayayyen hannu ne, kuma a nan Yaya ya yi suna. Wasu direbobin kan ɗaure allin a jikin katako su tura shi kusa da tayar don sauƙi, shi kuwa ya mayar da su abin dariya. Yakan ce wanda ba zai iya riƙe alli ba, me ya kai shi riƙe sitiyari? Ya faɗa wa Injiniya, ya faɗa wa sababbin direbobi, ya faɗa wa Auta tun yana saurayi hannunsa na ɓari don tsoron tsawa. Maganar ta zauna a garejin har ana tsokanar juna da ita ko ba ya nan.

Shi ya sa da ya isa filin da manyan motoci ke hutawa da rana tsaka, bai tsaya inda ya saba ba, kusa da mai shayi. Ya wuce can ƙarshe, ya juya motar yadda jikinta zai kare shi daga idon mutane. Ya sa jak ya ɗaga ƙafar hagu. Ya ɗauko katakon da yake tokare taya da shi, ya yanko roba daga tsohon tub na taya, ya ɗaure allin a jiki tam, yana yi yana waige kamar mai satar kaza. Ya tura katakon da ƙafa, ya juya tayar. Allin ya zana mata farin layi ya zagaye, ba inda ya tsallake. Ya sauke, ya koma dama. Nan allin ya shafi wuri kamar taƙi ɗaya ya rabu da ita, tayar ta zagayo ya sake shafar wurin, ta sake zagayowa ya sake.

Ya kwanta a ƙasa ya leƙa ta ciki. Akwai wani siririn layi da ke zagaye gefen kowace taya kusa da bakin wili, wato ƙarfen da taya ke hawa, layin da ya kamata tazararsa da ƙarfen ta zama ɗaya ko'ina. A wannan, gefe ɗaya layin ya fito sarari, ɗaya gefen kuma ƙarfe ya haɗiye shi. Tayar ba ta hau wilin daidai ba, ta zauna a karkace. Sai ya tuna abin da ya hango daga tsohuwar kujerar nan ranar da aka sa su: taya a tsaye jingine da bango, tiyo a bakinta, Mai Faci yana waya. A tsaye ya ba ta iska maimakon ya kwantar da ita, nauyin ƙarfen ya rinjaya gefe ɗaya, kuma da wuya in ya shafa mata ruwan sabulu. Da Yaya yana tsaye a kansa da haka ba ta faru ba. Ya kwance allin, ya jefa katakon bayan kujera, ya kama hanya a sittin har ya kai ya dawo.

Ya isa gida da ƙarfin gwiwa. Ya gaya wa matarsa gobe za a ga ƙarya, ya ci abinci har da neman ƙari. Ita dai ta rataye makullin ta ce Allah ya sa.

Da safe garejin ya cika, domin labari ya zagaya cewa Yaya da Oga sun sa zare. Direbobin da ba su da lodi suka zo suka jingina da motocinsu kamar ba kallo ya kawo su ba. Yaya ya nuna wa Auta farin zanen da ke kan tayar dama. Mai Faci ya yi caraf ya ce, ba raini ba, amma zanen alli ai ko jikansa zai iya yi a jikin taya. Yaya ya ce to a leƙa layin ciki. Mai Faci ya ce layin nan ado ne na kamfani, kuma duk tayar da ta ɗauki siminti haka layinta yake komawa. Auta kuwa da farar riga ya zo, ba zai kwanta ƙarƙashin mota ba. Ya ce a daina musu, a ɗaga ta, a kawo alli, a yi a gabansa ya gani da idonsa.

Aka sa jak. Mai Faci ya shiga rumfarsa ya fito da sabon alli, dogo, ya zo ya kama hannun Yaya ya ɗora masa a tafi.

"Ga shi, Yaya. Ai kai ne sarkin alli."

Ko da gangan ya yi, ko bakinsa ne kawai, Yaya bai sani ba, kuma bai taɓa sani ba. Katakon yana nan bayan kujera da robarsa a jiki, taku kaɗan daga inda yake tsaye. Zai iya hawa ya ɗauko. Amma ya ɗauko a gaban wa? A gaban Injiniya da ya yi wa dariya a kan katako? A gaban samarin nan da suka haddace maganarsa? Ɗauko katakon daidai yake da ya hau kan mota ya yi shela. Sai ya ce a ransa abin na ɗan lokaci ne, numfashi ɗaya, hannun da ya yi masa biyayya shekara da shekaru ba zai ci amanarsa a wannan ba. Ya tattare riga, ya tsuguna, ya kafa gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa, ya ce wa Injiniya ya juya.

Tayar ta fara zagaye. Ya matso da allin. Tun kafin ya kai, bakin allin ya fara kaɗawa a iska, kowa yana gani. Ya danne numfashi, ya ƙara matsawa. Allin ya taɓa ya ja baya, ya taɓa ya ja baya, tak, tak, tak, yana barin ɗige-ɗige a ko'ina kamar inda kaji suka yi tsattsaga. Ya kawo hannun hagu ya damƙe wuyan hannun dama, sai duka biyun suka kama rawa tare. Gumi ya gangaro masa cikin ido. Ya ce wa Injiniya ya rage sauri, alhali Injiniya ya riga ya saki tayar ita kaɗai take juyawa. Ya yunƙura zai tsayar da hannun da ƙarfin tsiya, sai allin ya caki robar ya karye, guntun ya yi tsalle ya faɗa kusa da takalmin Auta.

Ba wanda ya yi dariya, kuma da ma sun yi da ya fi masa sauƙi. Da ya sami wanda zai zaga. Wani ya yi tari. Wani ya tuna yana da abin dubawa a motarsa. Mai Faci, wanda ya yi nasara, ya sunkuyar da kai yana wasa da tiyo da ƙafa. Tayar ta ci gaba da juyawa a hankali da ɗige-ɗigenta har ta tsaya, Yaya yana tsugune da rabin alli a hannu, hannun yana ta abinsa a fili, ba aljihu ba hula.

Auta ne ya sunkuya ya ɗauki guntun. Ya karɓi tsumma ya goge tayar tas da kansa. Sannan ya tsuguna a cikin baƙin mai da farar rigar tasa, kusa da yayansa har kafaɗarsu na gogar juna, ya kafa gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa, ya karkata kai gefe ɗaya, ya danne numfashi. Yaya ya ga zamansa sak, har karkata kan, domin shi ya koya masa da ranƙwashi. Tumbin bai hana ba, shekarun ofis ba su hana ba. Hannun ya tsaya cak kamar an kafa shi da ƙusa. Injiniya ya juya tayar. Allin ya shafi wuri taƙi ɗaya ya rabu da ita, ta zagayo ya sake shafa, daidai inda zanen jiya yake.

"Taya ce," in ji Auta, ya miƙe.

Nan take garejin ya rikice da aiki, kowa yana neman abin da zai yi don kada ya kalli Yaya. Auta ya wanke Mai Faci tas, fiye ma da laifinsa. Aka kwance tayar aka sace iskar, aka kwantar da ita a ƙasa, aka shafa mata ruwan sabulu har yana ɗiga, aka ba ta iska a hankali, ta yi ƙara ta hau wilin. Siririn layin ya fito daidai ko'ina. Injiniya, wanda shekaranjiya ya ce a kwantar da jariri, yanzu shi ke yi wa samari bayanin yadda taya ke zama a karkace. Da Mai Faci ya kwance ɗan ƙarfen bakin iska, ya juyo zai miƙa wa Yaya ya riƙe masa kamar yadda ya saba, sai ya fasa a tsakiyar hanya ya sa a bakinsa.

Auta ya ce su je babban titi su gwada, ya ce yau yana da lokaci. Ya nufi ƙofar direba, ya miƙo hannu ya ce Yaya ya kawo ya ji ta da kansa, tunda ya daɗe bai taɓa sitiyari ba. Magana ce da ba ta da wurin musu. Yaya ya zaro makullin ya ba shi, ya zagaya ta gaban motar ya hau ɗaya ɓangaren. Bai san ma matakalar wannan ƙofar ta lanƙwashe ba sai da ya kusa zamewa.

Suka fita daga gari. Gorar nan da ya yanke tana nan maƙale a gaban gilas da sauran ruwanta. Auta ya ba motar wuta, allura ta wuce saba'in, ta kai tamanin, ta ɗan gota. Sitiyarin shiru. Madubi garau, ana ganin har lambar motar da ke binsu. Ruwan gorar yana kwance abinsa. Yaya ya zuba masa ido yana jiran ya ɗan motsa, shi da jiya ba abin da yake so kamar a gyara motar ya gan shi kwance.

"Ka yi gaskiya, Yaya," in ji Auta. "Duk cikinmu ba wanda ya ji ta sai kai."

"To."

Suka ci gaba da tafiya. Can Yaya ya ce, ba tare da ya juyo ba, a kan sitiyari hannun ba ya yi. Ya ce ko yanzu a tsaya a ba shi, a gani. Ya ce ya kai siminti ya dawo da mota mai rawa bai goga ko kaza ba. Yana faɗa yana jin muryarsa ta koma ta mai roƙo, kuma yana ƙin kansa saboda haka. Auta ya ce ya yarda, wallahi ya yarda. Ya canza giya, ya duba madubi. Yaya yana jira ya maimaita masa maganar nan tasa ta alli da sitiyari don ya sami abin kamawa ya yi faɗa. Auta bai maimaita ba.

"Kai ka koya min, Yaya," kawai ya ce.

A mahaɗar farko ya juya motar, juyi mai kyau, ba tare da ya ci gefen titi ba. Da suka shiga gareji ya kashe inji, ya zare makullin, ya leƙa ta taga yana tambayar Injiniya labarin wani injin daban, makullin kuma ya shige aljihun farar rigar da ta ɓaci da mai. Ba a yi wata sanarwa ba. A bakin ƙofa Yaya ya ga an riga an share ƙarƙashin inuwar, har an yayyafa ruwa.

Da ƙafa ya koma gida, da sauran rana. Matarsa tana tsakar gida tana ninke wanki, ta ɗago ta tambaye shi yaya aka yi. Ya ce taya ce, ta dama, Mai Faci ne ya ba ta iska a tsaye, an gyara a gaban kowa, Auta da bakinsa ya ce ya yi gaskiya. Fuskarta ta washe. Ta ce ita da ma ta sani, ta ce kunya ta ishi masu surutu, ta ajiye rigar da ke hannunta ta taso tana murmushi, ta miƙo tafin hannu yadda ta saba.

Yaya ya dubi hannun nata. Ya ce ta kawo masa ruwa tukuna, kuma kada ta cika kofin.